Ciwon Ƙirji Mai Zuwa da Faɗuwar Gaba



Ina godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ba ni wannan dama. An ce in yi magana a kan lafiya, tunda aikin likita nake yi, aka kuma bar mini zaɓin abin da zan ɗauka. Na zaɓi ciwon ƙirji mai zuwa da faɗuwar gaba, domin a 'yan shekarun nan babu kukan da 'yan wannan ƙungiya suka fi kawo mini kamarsa, wasu a ofis, wasu ta waya da tsakar dare, kuma kowa sai ya roƙe ni kada wani ya ji. Amanar tana nan, ba zan ambaci kowa ba. Amma tunda abin ya yawaita, gara a yi bayaninsa a gaban jama'a kowa ya amfana.

Ga yadda yakan zo. Mutum yana zaune lafiya lau, ko yana tuƙi, ko ma yana barci, sai kawai gabansa ya yanke ya faɗi. Zuciya ta dinga dukan uku-uku, ƙirji ya ɗaure, numfashi ya ƙi isa, gumi ya karyo, yatsu da leɓɓa su ɗauki zugi, jiri ya kwashe shi, ya tabbata a ransa cewa kwanansa ya ƙare. Abin yakan kai ƙarshen tsananinsa cikin kamar minti 10, kafin rabin sa'a yawanci ya lafa, ya bar mutum a gajiye tiɓis. Sa'an nan sai tsoron dawowarsa ya zauna masa, har wani ya daina tuƙi, ko shiga kasuwa, ko kwana shi kaɗai.

Kafin in ci gaba, akwai ƙa'ida guda da nake so kowa ya riƙe. Duk ciwon ƙirjin da ya zo sabo, asibiti ake kai shi nan take, ba a zama a gida a yanke masa hukunci. Yawancinmu mun ba shekara 40 baya, da dama muna fama da hawan jini ko ciwon sukari, wasu kuma sun daɗe suna shan taba. Idan ciwon ya zo kamar an ɗora dutse a ƙirji, yana tafiya zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi ko baya, ko kuwa yana tashi in an hau bene ko an yi sauri, to, zuciya ake fara zargi, kuma kowane minti yana da daraja. A asibiti za a auna jini, a yi gwajin bugun zuciya da ake kira ECG, a ɗebi jini a duba ko tsokar zuciya ta taɓu. Haka kuma likita zai duba ƙarancin jini, da asma, da gyambon ciki, da halittar nan ta gaban wuya wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo, domin duk suna iya kwaikwayon wannan ciwo.

To, idan an yi duk wannan aka ce zuciya ƙalau take, amma ciwon bai daina zuwa ba fa? A nan ne 'yan uwa da yawa suke ɓata. Wasu su ɗauka likita bai iya aikinsa ba, su yi ta yawo daga wannan asibiti zuwa wancan da tarin takardun gwaji a jaka. Wasu kuma iyalinsu su ce ai raki ne kawai. Ina tabbatar maku ciwon na gaske ne, kuma an san yadda yake faruwa.

Duk wanda ya yi kwana a makarantar nan ya san abin da yakan ji idan Firinsifal ya kira sunansa a asembili, ko ya ji takun malamin gida bayan an kashe fitila alhali ba ya kan gadonsa. A wannan lokaci wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda suna zuba wani sinadari mai suna adiranalin cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, tsokoki su ɗaure, numfashi ya yi sauri, jiki ya shirya wa gudu ko faɗa. Wannan tanadi ne na tsira. Larurar da muke magana a kai ita ce wannan ƙararrawa ta riƙa bugawa alhali babu haɗarin komai. Tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari in sun daɗe a ɗaure sai su yi ciwo. Saurin numfashi kuma yana rage iskar kabon da ke cikin jini, kamar yadda malamanmu na kimiyya za su shaida, shi ne ke kawo jiri da zugin yatsu. Da mutum ya ji haka sai ya ce zuciya ce, tsoro ya ƙaru, adiranalin ya ƙaru, ciwon ma ya ƙaru.

Wannan ba sabon abu ba ne, kuma ba ciwon ragwaye ba ne. Tun a shekarar 1871 wani likita a Amurka mai suna Da Costa ya yi bayanin irinsa a jikin sojojin da suka yi yaƙin basasar ƙasar, maza ƙarfafa masu kukan ƙirji da bugun zuciya, alhali ba a ga wata illa a zukatansu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne suke fama da cututtukan fargaba iri-iri, mata sun fi maza yawa, kuma kamar mutum ɗaya cikin huɗu ne kawai yake samun magani.

Me ya sa a wajenmu ba a zuwa neman maganin? Kunya ce. Da an ce wa mutum ya ga likitan ƙwaƙwalwa sai ya ji kamar an kira shi mahaukaci, ya tuna da matsayinsa a ofis da auren 'ya'yansa. Sai ya zarce kemis a ba shi Valium ko Lexotan. Waɗannan ƙwayoyi suna kwantar da jiki na ɗan lokaci, amma in aka ɗauki makonni ana sha jiki yakan saba da su, ranar da aka rasa kuwa fargabar ta dawo fiye da da. Wani kuma a ce masa iska ce ko sammu, ya ƙarar da abin hannunsa. Ban hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi, amma malamanmu sun sha gaya mana cewa neman magani ba ya rage wa mutum tawakkali.

Magani kuwa akwai shi, kashi biyu ne. Na farko zama ne da ƙwararren masanin halayyar ɗan Adam, sau ɗaya a mako har tsawon 'yan watanni. Zai koya wa mutum gane alamomin, da sassauta numfashi, da gyara fassarar da yake yi wa bugun zuciyarsa, sa'an nan a hankali a mayar da shi wuraren da ya ƙaurace wa. Na biyu ƙwayoyi ne irin su sertraline da fluoxetine, waɗanda likita kaɗai zai rubuta. Sukan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ji amfaninsu, ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an sami sauƙi, kuma ba a yanke su rana ɗaya. Ban da wannan, a rage goro da kofi da shayi mai kauri, domin sinadarin da ke cikinsu yana tayar da bugun zuciya, a sami isasshen barci, a riƙa tattaki. In an je gaban likita a faɗi komai, har bashi da rigimar gida da tsoron ritaya, da duk ƙwayar da ake sha a ɓoye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda kuwa abin ya kai shi ga tunanin halaka kansa, a kai shi asibiti a ranar.

Wuraren zuwa ba su yi mana nisa ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano. Asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da sashen wannan fanni, inda mutum zai yanki kati ya ga likita ya koma gida a ranar. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro ta Abeokuta cewa ana iya yi wa irin waɗannan majinyata magani suna zaune cikin jama'a tare da danginsu. A watan Janairun 2023 kuma aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma hana a nuna wa mai irin wannan larura bambanci.

Daga ƙarshe ina da roƙo guda uku. Ga iyalanmu, idan abin ya taso wa maigida ko uwargida wanda likita ya riga ya gano larurarsa, a zauna kusa da shi, a yi masa magana a natse, a taya shi jan numfashi sannu a hankali, kada a taru a kansa ana kururuwa. In kuwa ciwon ya zo da wata kama dabam da wadda aka saba, a koma asibiti. Ga malamanmu da ke kan aiki, ɗalibin da yake yawan zuwa disfensare da kukan ƙirji gab da jarrabawa, a saurare shi kafin a ce lalaci ne. Ga ƙungiya kuma, ina ba da shawarar asusun taimakon da muke tarawa ya haɗa da kuɗin ganin likitan ƙwaƙwalwa, a kuma danƙa shi ga mutum biyu masu riƙon sirri. Wanda yake jin nauyin zuwa shi kaɗai, ya nemi ɗan ajinsu ya raka shi, kamar yadda muke raka juna disfensare muna yara.

Allah ya ƙara wa malamanmu lafiya da nisan kwana, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya maimaita mana na baɗi.