Ciwon Cikin da Ba Olsa Ba: Jawabi a Taron Reshe

Mai girma shugaban reshe, iyayenmu malamai maza da mata da kuka taso daga Gusau da Tsafe da Bungudu, ina godiya da damar da kuka ba ni.

A bayan tumbin kowannenmu akwai wata halitta mai tsawon kimanin santimita 15, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Ba saifa ba ce, ba kuma matsarmama ba. Aikinta biyu ne. Na farko, tana tsiyaya ruwa fiye da lita ɗaya kowace rana cikin ƙaramin hanji, ruwan da ke narkar da maiƙo da nama da tuwo, ya kuma kashe kaifin tsamin da ke fitowa daga tumbi. Na biyu, tana sakin insulin cikin jini domin daidaita sukari, sinadarin da Banting da Best suka tace a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921.

Cikin hikimar Allah, sinadaran narkar da naman nan ba sa fara aiki sai sun isa hanji. Idan suka farka tun suna gida, sai su shiga cin uwar da ta haife su. Wannan shi ne kumburin fankiriyas. Manyan dalilansa su ne tsakuwar matsarmama da ta toshe magudana, da shan barasa, da yawan kitse a jini. Masu amosanin jini, wato sikila, sun fi saurin yin tsakuwar. A yara kuwa, hangum ko buguwa a ciki, kamar faɗuwa kan kan keke, na iya jawo shi.

Alamarsa ciwo ne mai tsanani a saman cibiya, wanda ke ratsawa har gadon baya, tare da amai, wani lokaci da zazzaɓi. Mai ciwon kan ji sauƙi idan ya duƙa gaba. Da yawanmu sai mu ce olsa ce, mu aika yaro kemis, mu jira albashi. Wannan jiran yana iya kashe ƙoda, yana iya ɗaukar rai. Gwajin jini da hoton ciki ne ke bambancewa, maganin kuma ƙarin ruwa ne da kulawar asibiti. Idan ya zama na yau da gobe, yana kawo rama da ciwon sukari.

Roƙona biyu ne. Malamin da ya ga ɗalibi a dunƙule yana amai, kada ya ce lalaci ne. A kira iyayensa nan take. Sannan, tunda mun san halin hanyoyinmu da dare, reshe ya ware wani abu daga asusun walwala domin kai ɗan'uwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Yariman Bakura a Gusau tun rana ba ta faɗi ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mai da kowa gida lafiya. Wassalam.