Lebura Na Aiki A Bakin Kogin Wudil Amma Da Kuɗinsa Yake Sayen Ruwan Sha

 

Yau ba maganar takara na zo da ita ba. Maganar ruwa ce, ruwan da ma'aikaci zai sha a wurin aikinsa.

Kowa a nan ya san ranar Juma'a a kasuwar Wudil. Tun da asuba 'yan dako ke sauke buhuna, masu lodin shanu na ta fama a kara, masu yashi na cikin kogi a ƙasan gada. A watan Afrilu da Mayu zafin Kano kan haura digiri 40. Mutumin da ke dako a irin wannan rana gumi kawai yake zubarwa, in bai mayar da ruwan ba sai jiri ya kwashe shi, wani ya faɗi da buhu a ka. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa yawan aiki cikin zafi da ƙishirwa na lalata ƙoda. To, wa ke ba su ruwan? Daga ɗan abin da suka samu suke cire kuɗin fiya wata. Wanda bai da shi kuma ya sha na kogi, ya kwana da gudawa.

Jama'a, akwai doka. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai masana'anta ya tanadi tsaftataccen ruwan sha a inda kowane ma'aikaci zai iya kaiwa gare shi, da wurin wanke jiki, da akwatin agajin gaggawa. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ce mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, domin a biya wanda ya ji rauni a bakin aiki. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma, wadda Najeriya ke cikinta, a 2022 ta sanya wurin aiki mai aminci cikin manyan haƙƙoƙin ma'aikaci.

Ina matsalar take? Masu duba masana'antu ma'aikatan Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ne, kuma dokar masana'anta ta ambata. Ɗan dako da mai yashi ba su da takardar ɗaukar aiki, ba su da ofishin da za su kai kuka. Yaron da ke buga bulo ko aikin injin casar shinkafa, galibi bai ma san an rubuta masa wani haƙƙi ba.

Amma kada wani ya ce mana wannan aikin Abuja ne kaɗai. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya damƙa kula da kasuwanni, tashoshin mota da mahauta a hannun ƙaramar hukuma. Ita ke karɓar haraji a kasuwa. Kuma a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Wanda ya iya miƙo rasit, ya iya kafa famfo.

Don haka abu uku muke nema. Na ɗaya, a sa tankunan ruwa da rumfar hutawa a kara, da tasha, da bakin kogi, a ɗora wa wani takamaiman mutum alhakin cika su. Na biyu, duk mai gidan bulo, gidan burodi ko injin casa da ya zo sabunta izini, sai ya nuna ruwan shan yaransa da kayan agajin gaggawa. Na uku, a zauna da sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin leburori a rage aiki mai nauyi da tsakar rana a lokacin bazara.

Mu ma kada mu tsame kanmu. Da yawa a cikinmu iyayen gida ne, muna da yara a shago ko a gona. Gobe kafin ka tambayi yaronka ciniki, ka duba randar.

Ranar 28 ga Afrilu ita ce ranar kiyaye lafiyar ma'aikata ta duniya. Kafin ta zagayo, kowace mazaɓa ta kai wa kansilanta wannan buƙata a rubuce, ta riƙe kwafi. Duk wanda ya zo neman ƙuri'armu, mu fito masa da takardar.