Ɗan Ƙauye da Sana'ar Rubuta Manhaja: Jawabin Sakataren Gidauniya a Taron Shekara

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Iyayenmu malamai, limamai da 'yan kwamitocin masallatai, attajiranmu masu bayarwa, iyaye mata da ke wannan zaure, an umarce ni da in yi magana a kan wata sana'a da matasanmu na karkara suka fara ƙwanƙwasa mana ƙofa dominta, wato rubuta manhajar kwamfuta da ta waya.

Mu a nan Ƙofar Ruwa ba baƙi ba ne ga zuwan ɗan ƙauye neman sana'a. Da yawa daga cikin masu shagunan rodi da kwanon rufi da kayan gyaran mota da ke zaune a gabana, daga Bichi ko Ɗambatta ko Tsanyawa ko Kunchi suka shigo birni suna yara. Wani ya zo cirani, wani ya zo karatun allo. Maigida ya riƙe shi, ya ci da shi, ya koya masa ciniki, bayan shekaru ya sallame shi da jari. Wannan tsari shi ya gina kasuwar nan. Abin da nake roƙo a yau shi ne mu shimfiɗa wa sabuwar sana'a irin tabarmar da aka shimfiɗa wa iyayenmu.

Mece ce sana'ar? Duk lokacin da ɗayanmu ya tura kuɗi ta waya, ko ya je wurin mai POS, ko ya duba sakamakon jarrabawar ɗansa ta intanet, akwai wani umarni rubutacce da na'urar take bi daki-daki. Wani mutum ne ya zauna ya rubuta shi da wani yare na kwamfuta, kamar Python ko JavaScript, kuma aka biya shi ladan aikinsa. Ba kuma baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Kalmar algoridim, wadda masu wannan fanni suke kiran jerin matakan warware matsala da ita, daga sunan Muhammadu ɗan Musa Al-Khawarizmi ta samo asali, malamin da ya rayu a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun. Littafinsa na aljabara, wanda ya wallafa wajen shekarar 820 miladiyya, babban sashe a cikinsa lissafin wasiyya ne da rabon gado.

Shin ɗan ƙauye zai iya? Amsata ita ce, ya zo da rabin guzurin tun daga gida. Yaron da ya yi satu a tsangaya ya san cewa ɗigo guda da wasali guda suna sauya ma'ana, ya kuma saba da wanke allo ya sake rubutu har sai malam ya gamsu. Manhaja ma haka take: waƙafi ɗaya ya ɓata, aiki gaba ɗaya ya tsaya. Yaron da ya yi noma ya san jira daga shuka zuwa kaka. Haƙuri da lura su ne ƙashin bayan wannan sana'a, kuma karkara ba ta yi rowarsu ba.

Abin da ya rasa abubuwa ne da kuɗi ke saye. Na farko, na'ura. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta kwamfuta, amma har yanzu akwai ɗaliban karkara da ba sa taɓa kwamfuta sai ana gab da ranar jarrabawa. Ana iya fara koyo a waya, sai dai ba a ƙware a waya. Na biyu, wutar lantarki da data. Darussa kyauta suna nan jibge a intanet, a shafuka irin su freeCodeCamp, amma kogi bai amfani mai ƙishi idan ba hanyar isa bakinsa. Na uku, Turanci, domin da shi aka rubuta mafi yawan bayanan fannin. Na huɗu, kuma mafi nauyi, lokaci. Wanda sai ya yi dako ko ya tura baro kafin ya ci abincin dare, ba shi da sa'o'in zama gaban allo kullum har tsawon shekara.

Ƙofofin karatu kuwa akwai su a jiharmu. Jami'ar Bayero tana da tsangayar nazarin kwamfuta, haka ma jami'ar kimiyya da fasaha da ke Wudil. Cibiyar Digital Bridge, wadda hukumar sadarwa ta ƙasa ta kafa a 2004, tana da reshe a Kano. Cibiyar CITAD ta daɗe tana koyar da matasa a cikin garin nan. A 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT da burin horar da mutum miliyan uku. Sai dai yawancin waɗannan ƙofofi suna ɗauka cewa ɗalibi ya zo da kwamfutarsa da makwancinsa da abin kai wa bakin salati. Ɗan birni yana da gidan ubansa. Ɗan ƙauye sau da yawa a nan yake sarewa ya koma.

A nan ne shari'a ta ba mu makami biyu, kowanne da gurbinsa. Zakka, kamar yadda aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade, tana da masu karɓa kashi takwas, kuma matalauta da miskinai su ne a gaba. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun halatta a ba mabuƙaci abin da zai ishe shi shekara guda. Imamu Nawawi, daga malaman Shafi'iyya, ya yi bayanin cewa mai sana'a ana ba shi abin da zai sayi kayan aikinsa. Idan keken ɗinki kayan aikin tela ne, kwamfuta ita ce kayan aikin mai rubuta manhaja. Amma a kula: zakka mallakawa ake yi. Abin da aka bayar ya zama nasa, ba bashi ba ne, ba kuma aro ba.

Abin da jama'a za su yi tarayya a kai, wannan aikin hubusi ne: ɗaki guda kusa da masallaci, da farantan sola da batir, da layin intanet, da 'yan kwamfutocin da ɗalibai za su riƙa karɓa-karɓa. Mazhabarmu ta sauƙaƙa, domin ta yarda da waƙafin kayan da ake ɗauka, ta kuma yarda da na ƙayyadadden lokaci. Mai shagon da ke kulle a saman bene zai iya bayar da shi shekara biyu, sannan ya dawo hannunsa.

Wajibi ne in faɗi abin da ke cikin lamarin na haɗari, domin amanar dukiyarku ce. Ba duk wanda ya fara yake kaiwa ba. Tun ƙarshen 2022 manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suka fara rubuta ƙananan ayyukan da a da sabon shiga yake samun kuɗi da su, don haka kwas na wata uku da takardar shaida ba su isa ba. Sai wanda ya fahimci tushen abin. Sannan wuƙar da ke yanka nama ita ce ke yanka hannu: ilimin nan a hannun marar tarbiyya damfara yake zama. Shi ya sa muke so ɗakin ya kasance a inuwar masallaci, ƙarƙashin idon dattawa.

Saboda haka buƙatunmu uku ne. Ga kwamitocin masallatai, musamman masu alaƙa da ƙauyuka: ku kuka san yaran. Ku zaƙulo mana mai ƙwazo da amana, namiji ko mace, domin wannan sana'a ce da 'ya mace za ta yi daga ɗakinta. Ga 'yan kasuwa: ku zama abokan ciniki na farko. Littafin bashi da lissafin kayan sito da ake yi da biro a kasuwar nan aiki ne da yaro zai gina wa manhaja, kuma aikin farko da aka biya shi ne shaidar da zai nuna a gaba. Ga waɗanda suka riga suka ƙware daga cikin 'ya'yanmu: ku ba mu sa'a biyu a mako, domin na gaba idon na baya ne.

Burinmu shi ne wanda ya karɓi zakka bana ya zama mai fitar da ita nan da wasu shekaru, ya kuma tuna da ƙauyen da ya fito. Allah Ya karɓa daga masu bayarwa, Ya mayar musu da mafificin alheri, Ya shiryi zuriyarmu, Ya ba mu ikon riƙe amana.