A Auna Kafin a Yanka: Zaɓen Allon FPGA Daidai da Aiki

 

Duk shekara, da zarar lokacin aikin kammala karatu ya ƙarato, tambaya ɗaya ɗalibai ke kawo mini: "Malam, wane allon FPGA zan saya?" Nakan ce, me za ka gina a kai? Galibi sai a yi shiru. To, ai tela ba ya sa almakashi a yadi sai ya auna mai riga.

FPGA cip ne da masana'anta ba ta yanke masa aiki ba. Kai ne za ka tsara yadda sassansa za su haɗu. Na farko da kamfanin Xilinx ya fitar a 1985, wato XC2064, rukunan lissafi 64 kacal gare shi. Yau ɗalibi na iya zuba kwamfuta sukutum a cikin guda ɗaya: furosesa, memori, da ƙofofin shiga da fita.

Ana auna girmansa da LUT, ɗan jadawalin da ke yin ƙaramin lissafi. Sai dai a kula, mudun wata kasuwa ba shi ne na wata ba. LUT na iCE40 daga Lattice bayanai huɗu yake karɓa, na Artix-7 daga Xilinx kuwa shida. Ga kuma lambar talla: cip ɗin XC7A35T ana tallar sa da 33,280, alhali ainihin LUT ɗin da ke ciki 20,800 ne.

Abin da ke ba ɗalibai mamaki shi ne furosesa ba ta cin fili. PicoRV32, ta dangin RISC-V, wadda Claire Wolf ta rubuta, tana cin tsakanin LUT 750 da 2,000 a cip ɗin Xilinx. SERV ta Olof Kindgren ko 300 ba ta kai ba. Shi ya sa ɗan ƙaramin iCE40 UP5K, mai LUT 5,280 da memori kilobayit 128, yake ɗaukar PicoRV32 da kayan aikinta. Wanda burinsa sarrafa fitilu ko karanta zafin ɗaki, wannan ya wadatar da shi.

Inda ake tuntuɓe shi ne memori, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe. Ku ɗauki alluna biyu na kamfanin Digilent: Basys 3 da Arty A7-35T. Cip ɗinsu ɗaya ne, XC7A35T, mai memorin ciki kilobit 1,800, wato kilobayit 225. Wanda ya dubi cip kawai zai ce tagwaye ne. Amma Arty na da memorin DDR3 megabayit 256 a gefe, Basys 3 kuwa ba shi da irin wannan ko kaɗan. Shi kuma Linux, idan za a tayar da shi kan furosesar VexRiscv ta hanyar manhajar LiteX, megabayit 32 yake nema. Ke nan Arty zai iya, haka ma ULX3S da aka ƙera a Zagreb mai megabayit 32 daidai. Basys 3 allo ne mai kyau wajen koyon tushe, amma wannan aikin ba nasa ba ne, kome gwanintarka. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Akwai wata hanya kuma. Idan Linux kawai kake so ya yi ta aiki, kai kuma ka ƙera sashe ɗaya na musamman, kamar mai tace hoto, nemi cip ɗin da aka riga aka dasa wa furosesa. Allon PYNQ-Z2 na ɗauke da cip ɗin Zynq-7020 mai ARM Cortex-A9 guda biyu da memori megabayit 512. DE10-Nano na da Cyclone V da gigabayit 1. Amma mai son koyon ƙera furosesa da hannunsa, idan ya sayi waɗannan, ya biya kuɗin abin da ba zai taɓa ba.

Kada ku manta da manhaja. Vivado, wadda cip ɗin Xilinx ke aiki da ita, gigabayit gommai ce, kuma kowa ya san kuɗin data. Yosys da nextpnr, masu aiki da cip ɗin iCE40 da na ECP5, kyauta ne, marasa nauyi, ko tsohuwar kwamfuta na jan su.

Shawarata ita ce ku rubuta zanenku tukuna. Ba sai da allo a hannu manhajar ke harhaɗa zane ba. Za ta fitar muku da rahoton LUT nawa da memori nawa ya ci. Ku bar wajen kashi ɗaya cikin uku na cip ɗin a sarari, domin idan ya cika maƙil manhajar na shan wahalar shimfiɗa wayoyi, gudu ya ragu, kayan binciken kuskure ma su rasa wurin zama. Allon FPGA da dala ake sayensa, daga waje ake kawo shi, mayar da shi kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Wanda zai zo ofishina bana, ya taho da wannan rahoton a hannu, sannan mu yi maganar saye.