Wutar Wucin Gadi a Wurin Gini: Jawabi Ga 'Yan Uwa Mazauna Birane



An nemi in yi magana a kan sana'ata ta lantarki, sai na zaɓi wani ɗan lungu nata wanda ba a cika kula da shi ba, wato wutar da ake ja zuwa wurin gini kafin gida ya kammala. Akasarinmu muna zaune a Kano ko Kaduna ko Abuja ko Legas, muna aiko da kuɗin bulo da siminti da rodi, amma ƙalilan ne ke tambayar inda mai walda ya samo wutar da ya haɗa ƙofofi da tagogi. Sau da yawa yaro ne ya hau falwaya da magariba ya rataya waya.

Wannan rataye sata ce a idon shari'a. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta tanadi tara ko ɗauri a kansa, kuma idan ma'aikata suka zo, sunan mai fili za su tambaya, domin mai walda ya daɗe da karɓar kuɗinsa ya tafi.

Hanyar da ta dace ba ta da tsawo. Tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a Nuwamban 2013, kowane yanki yana da nasa: KEDCO ke da Kano da Katsina da Jigawa, Kaduna Electric kuma ke da Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara. Mutum zai je ofishinsu ya nemi haɗi, ya bayyana cewa na aikin gini ne, ya faɗi injinan da za a kunna, a saka masa mita. Wanda zai ja wayar kuwa ya zama mai takardar shaida daga NEMSA, hukumar da dokar 2015 ta kafa domin duba ingancin irin waɗannan ayyuka. Ku nemi ganin takardar da idonku. Kunya ba ta da wuri a nan.

Me ya sa ake son sanin injinan? Injin walda yana zuƙar wuta da ƙarfi. Idan aka ɗora shi a layin da bai isa ba, fitilun maƙwabta su dushe, firjinsu ya lalace, wata rana taransifoma ta ƙone. Kun san kuma wa ake zagayawa da takardar karo-karo idan ta ƙone: mu ne.

Abin da ya fi damuna shi ne rai. Wurin gini wuri ne na ruwa da ƙarfe, leburori suna kwaɓa kankare, wasu ba takalmi. Wutar gida mai ƙarfin bolt 230 ta isa ta tsayar da zuciyar ƙato idan ƙafarsa na cikin danshi. Don haka wajibi ne a kafa ƙarfen da ke kai wuta ƙasa, a sa na'urar da ke yanke wuta nan take idan ta fara zurarewa ta jikin mutum, a rufe akwatin daga ruwan sama, a ɗaga wayoyi daga hanyar baro. Wayar da aka yi wa ɗauri da leda ba ta da gurbi a wurin. Mai janareta ma bai tsira daga wannan ba, kuma kada ya kuskura ya haɗa shi da layin kamfani ba tare da makunnin sauyi ba, domin wutarsa na iya komawa kan falwaya ta kashe ma'aikacin da ke gyara.

Sai maganar manyan wayoyi. Ƙa'ida ta ware faɗin mita 11 ƙarƙashin layin 11kV da na 33kV, mita 30 ga na 132kV, mita 50 ga na 330kV, ba a gini a ciki. Rodi guda tsawonsa mita 12 ne. Ku auna da kanku abin da zai faru idan lebura ya ɗaga shi a saman bene kusa da irin wannan layi. Ba sai ya taɓa ba ma, babbar wuta tana tsallakowa.

Idan gini ya ƙare, a koma ofis a sanar, a duba wayoyin gidan, a mayar da haɗin na dindindin, a karɓi rasit a adana. Ina roƙon ƙungiyarmu ta tattara sunayen masu aikin lantarki na garin nan da ke da takardar shaida, a buga su a mujallar baɗi, domin wanda ke Legas ya san wanda zai kira.