Shukar Binne: Bege da Hidima a Ikkilisiyoyin Ƙasar Kazaure da Babura

 

An ce in yi magana a kan bege da sabuntawa a rayuwar ikkilisiya. Zan fara da kalmar kanta, domin Hausa ta riga mu yi mata bayani. Idan Bahaushe ya ce yana begen wani, zuciyarsa ce ta tafi wurin wanda ba ya kusa. Amarya tana begen gida, ɗan ci-rani yana begen iyalinsa, 'yan'uwanmu Musulmi kuma suna da waƙoƙin bege. Da aka zo fassara Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke da Hausa a 1932, wannan kalmar ce ta zauna a bakin masu bi, ko da yake wata fassara daga baya ta zaɓi "sa zuciya". Fata abu ne mai sauƙi, kowa yana iya yin fatan alheri yana kwance. Bege kuwa yana da wanda ake jira, kuma mai jiran baƙo ba ya zama a gida babu shara.

Manoman wannan yanki sun fi ni sanin abin da nake nufi. Akwai shekarar da ruwa zai makara, mutum ya ɗauki irin geronsa ya je ya yi binne a busasshiyar ƙasa, babu ko gajimare a sama. Tsuntsu zai iya tonewa, ɗan yayyafin da bai kai ba zai iya ruɓar da shi. Duk da haka yana binnewa, domin ya san damina ba ta taɓa fasa zuwa ba. Abin da nake son tabbatarwa a yau shi ne, begen Kirista irin wannan ne: a hannu ake ganinsa kafin a ji shi a baki.

A littafin Irmiya sura 32 akwai wani ciniki mai ban mamaki. Rundunar Babila ta kewaye Urushalima, annabin kansa yana tsare, sai ɗan kawunsa Hanamel ya zo masa da tallan gona a Anatot. Wa zai sayi gona a ƙasar da abokan gaba suka riga suka tattake? Irmiya ya auna azurfa shekel 17 ya biya, aka kira shaidu, aka rubuta takarda, ya sa aka adana ta cikin tukunyar ƙasa don ta daɗe. Bai ce masifa ba za ta zo ba, shi ne ma ya fi kowa faɗar cewa tana tafe. Ya dai biya kuɗin gona a gaban jama'a, ya nuna cewa za a sake noma a wurin.

Tarihin Masihiyawa a ƙasar Hausa cike yake da irin wannan ciniki. A 1913 wasu daga cikin Isawa, jikokin almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19, suka nemi Likita Miller na mishan ɗin CMS a Zariya. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, aka gina majami'a da makaranta. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya shiga garin ya yi musu kisan da ya watsa shi. Wanda ya tsaya a kan kangon Gimi a lokacin zai rantse magana ta ƙare. Sauran da suka tsira, yawancinsu yara, su ne suka zama tushen jama'ar Wusasa, wadda ta ba Arewa likitanta na farko, Dokta R.A.B. Dikko, ta kuma ba ta Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Namu ɓangaren ta wata ƙofa ya samu. Mishan ɗin SIM, wadda ta fara da mutum uku a 1893, biyu daga cikinsu suka mutu tun ba a je ko'ina ba, ta daɗe gwamnatin Turawa tana hana ta zama a masarautun Musulmi. Kuturta ce ta buɗe hanya. A shekarun 1930 aka miƙa mata kula da wuraren jinyar kutare na larduna: Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato, da Yadakunya a Kano. Ku ɗan tsaya a kan sunan nan, Yadakunya. Mutumin da danginsa suka ware masa ƙwarya da tabarma, ga wurin da ake ce masa ya ya da kunya ya zo a wanke masa gyambo. A 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano, wanda har gobe makafi daga Jigawa da Katsina da Jamhuriyar Nijar suke zuwa, ba a tambayar kowa addininsa a bakin ƙofa. A nan kusa da mu kuma SIM ta zauna a Roni, ta yi makarantar kwana ta yara maza, inda 'ya'yan manoma suka koyi karatu da rubutu suka fita suka zama malamai da masu bishara da ma'aikatan lafiya. A 1954 aka miƙa ragamar ikkilisiyoyin ga 'yan ƙasa da sunan ECWA.

Ba na cikin masu wanke Turawan mishan tas. Sun zo a inuwar mulkin mallaka, wasunsu sun raina al'adunmu, kuma akwai iyayen da suka ji an raba su da 'ya'yansu ta hanyar magani da makaranta. Wannan ƙorafi ne na gaskiya, ya kamata mu iya saurarensa ba tare da mun fusata ba. Amma abin da ya rage a ƙasa bayan tafiyarsu shi nake kallo. Duk inda ikkilisiya ta yi saiwa a yankin nan, za ka tarar ɗakin magani ko ajin karatu ya riga ginin majami'a zuwa.

Yanzu in zo kan abin da wasunku suka gani da idonsu. A watan Nuwamba na 2003, bayan wani zargin ɓatanci da ya taso daga makaranta, an ƙona majami'u da dama da shaguna a cikin garin Kazaure. Ban tayar da wannan don in fama miki ba, kuma na san akwai Musulmin garin da abin ya baƙanta musu rai. Na tayar da shi ne domin ba a iya maganar bege a wannan gari a tsallake shi. Wasu sun kwashe kayansu sun tafi, ba kuma zan zarge su ba. Wasu sun dawo ranar Lahadi suka yi sujada a cikin toka, suka soma tara kuɗin kwano da siminti. Waɗannan sun sayi gonar Anatot. Har yanzu akwai koke-koken da ba su mutu ba, na samun filin majami'a da maƙabarta, da na malaman da za su koya wa 'ya'yanmu darasin addininsu a makarantun gwamnati. A ci gaba da bin su ta hanyar hukuma da fadar sarakuna, cikin ladabi, ba tare da gajiya ba.

Sai dai a ganina babbar barazanarmu a yau ba daga waje take ba. Ikkilisiya biyu muke da su a wannan yanki, suna gaisawa amma ba su san juna ba. Akwai ta cikin gari: 'yan kasuwa daga Kudu, ma'aikata, 'yan sanda da sojoji, masu yi wa ƙasa hidima, ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, da waɗanda sabuwar jami'ar tarayya ta Babura, da aka kafa a 2021, ta fara jawowa. Suna sujada da Turanci, suna da janareta da lasifika. Akwai kuma ta ƙauye, ta Hausawa 'yan ƙasa waɗanda kakanninsu Maguzawa ne, masu waƙa daga Littafin Waƙoƙi, waɗanda mai bishararsu yakan yi watanni albashinsa bai zo ba, sai gonarsa ta riƙe shi. Ta farko tana da kuɗi da ilimi amma rabin zuciyarta yana garinsu, Disamba na yi majami'a ta zama fayau. Ta biyu tana da harshe da dangantaka da ƙasa, amma samarinta sun tafi ci-rani Kano da Abuja da Legas.

Wannan ba sabon ciwo ba ne. A Ayyukan Manzanni sura 6, rigimar farko da ta taso a ikkilisiyar Urushalima ta harshe ce da abinci: masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana manta gwaurayensu mata wajen rabon yau da kullum. Manzanni ba su kira taron azumi don a kori ruhun gunaguni ba. Sun sa aka zaɓi mutum bakwai su riƙe rabon, kuma idan ka duba sunayensu, dukansu na Helenawa ne. Wato ɓangaren da ya yi kuka aka damƙa wa ludayin. Bayan haka ne littafin ya ba da labarin ƙaruwar masu bi.

Shi ya sa nake ɗari-ɗari da yadda muka mayar da sabuntawa ta zama taron kwana uku. A kira babban mai wa'azi daga nesa, a yi hayar kujeru, a kwana ana ihu, ranar Litinin gwauruwar da ke zaune a bencin baya ta koma gida babu abin ɗorawa a murhu. Ban ce taron farkawa ba shi da amfani ba. Ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa, da ta bazu a Arewa a shekarun 1960, ta farkar da mutane da yawa, amma ƙarfinta yana cikin ƙananan rukunin addu'a na gida-gida da talakawan masu bi da suke taka ƙasa suna ziyara. Wa'azin da ke cewa ka ba da kaza Allah ya ninka maka sau ɗari kuwa, a yankin da tun cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗin mota zuwa asibiti ya gagari mutane, ban san sunan da zan ba shi ba in ba cin amanar matalauci ba.

In kuna neman inda sabuntawa take faruwa ba tare da fosta ba, ku leƙa Zumuntar Mata. Na taɓa kwana a wani ƙauye a tsakanin duwatsun nan na yamma, na tarar matan zumunta suna da wata al'ada: duk wadda za ta ɗora tuwo sai ta ɗebi tafi ɗaya na hatsi ta zuba a wata ƙwarya daban. Ranar taronsu kowa ta kawo nata. Da shi suke zuwa gaisuwar haihuwa da ta mutuwa da dubiya, kuma ƙwaryar ba ta tsayawa a gidajen masu bi kaɗai. Wata tsohuwa a cikinsu, da na tambaye ta dalili, ta dube ni kamar na yi tambayar yara, ta ce, "Ɗana, yunwa ta san wanda ya yi baftisma ne?" Na yi shekaru ina karanta littattafan tauhidi, ban sami amsar da ta fi wannan ba.

Abin da matan nan suke yi da ƙwarya, ikkilisiya za ta iya yi da rumbu. Kowace kaka muna bikin godiya, ana kawo dammunan gero da dawa da wake da riɗi gaban bagade, sau da yawa a yi gwanjonsu nan take a lokacin da hatsi ya fi araha. Me zai hana a ware kashi a zuba a rumbu, a rufe, sai tsakiyar damina lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, a buɗe a ba da rance, mudu a biya da mudu? A sa mutum uku su riƙe makulli, biyu daga ciki mata, a karanta lissafi a gaban jama'a. Majami'ar cikin gari mai kuɗi ta sayi buhuna ta ƙara wa ta ƙauye. Ɗalibin da ke karanta injiniya ko lissafi ya ba da Asabar biyu a wata ya je ya koyar da yaran ƙauye, a madadin haka su koya masa Hausar da zai yi ciniki da ita, ya daina zama baƙo a garin da zai yi shekara huɗu. Gayya da adashe ba baƙin abubuwa ba ne a wurinmu, mun dai bar su a ƙofar majami'a ne kamar takalma.

Sharaɗi ɗaya zan kafa, kuma ina faɗarsa a gaban maƙwabtanmu Musulmi da ke wurin nan don su zama shaida. Hidima ba ƙugiya ba ce da ake saƙala wa tsutsa. Ranar da muka ba mutum mudun gero muna jiran ya biya da addininsa, mun zama 'yan kasuwa, kuma shi ma zai gane. A ba shi domin yana jin yunwa. Ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki da gidaje a Jigawa ba ta tambayi sunan kowa ba, wanda ya miƙo hannu a ranar ma bai tambaya ba. Shi Irmiya ɗin, a sura 29, ya rubuta wa mutanensa da ke zaman bauta a Babila cewa su gina gidaje, su dasa lambuna, su nemi zaman lafiyar garin su yi masa addu'a. Mu kuwa ba a bauta muke ba. Da yawanmu a nan aka binne cibiyarmu, sauran kuma nan ne Allah ya ajiye abincinsu.

Roƙona na ƙarshe ga matasa ne. Tsofaffin da suka yi karatu a Roni, da waɗanda aka yi wa jinya a Yadakunya suka warke suka koma ƙauyukansu da Littafi a hannu, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, yawancin abin da suka sani kuma ba a rubuta shi ba. Kowannenku yana da waya a aljihu. Kafin kaka mai zuwa, ku je ku durƙusa ku gaishe su, ku nemi izini ku naɗi muryarsu, ku tambaye su yadda aka yi suka zauna a lokacin da tafiya ta fi sauƙi. Ku kawo wa dattawan ikkilisiyarku su adana.