Tsohon Babur da Kulocinsa

Yau zancenmu a kan kuloci ne.

Mahaifina ya bar mini tsohon babur, Honda CG125, irin wanda aka fara ƙerawa a 1975. Na gyara shi tsaf. Ran nan na taso daga Dutsin-Ma zan zo Kurfi, sai inji ya yi ta kuka, babur kuwa ba ya ja. Kuloci ne ya ƙi kamawa.

In haka ta same ku, kada ku yi garajen kwance inji. Ku fara duba waya. Hannun kuloci yana son ɗan sako-sako, milimita 10 zuwa 20 a ƙarshensa. In waya ta ɗaure da yawa, kuloci ba ya kamawa. In ta saki da yawa, giya ta ƙi shiga.

Tawa wayar lafiya lau. Ashe baƙin man mota na zuba. Farantan kuloci cikin mai suke, wani man mota kuwa yakan sa su santsi. Man babur ana rubuta JASO MA a jikin robarsa. Ban duba ba, sai da na sayi sababbin farantai.

Kun ga, iya karatu bai isa ba, sai an karanta. To, kowa ya ɗauki fensir, mu rubuta M da A.